Babi na Shida: Benci, Bokiti da Ludayi

Baƙon da ya fara shiga sauna, wato ɗakin wankan zafi da tururi, a ƙasar Finlan yakan lura da wani abu tun kafin gumi ya karyo masa: katakon ɗakin tsirara yake. Babu fenti, babu man ƙyallin nan da kafintoci ke shafa wa kabad da gadon amarya. Benci fari fat ko ruwan ƙasa-ƙasa, bango haka, bokiti da ludayi haka. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kuɗi ne suka ƙare wa mai gida ana tsakiyar aiki. Alhali kuwa an gama aikin sarai. Ƙasar da ke da sauna kimanin miliyan 3 ga mutane miliyan 5 da rabi, wadda UNESCO ta sanya al'adar saunarta cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2020, ba rashin fenti ne ya hana ta shafawa ba.

A babin da ya gabata mun ga murhu, wanda suke kira kiuas, da duwatsun da ake jibga masa. Yanzu sai a duba halin da katakon da ke maƙwabtaka da wannan murhu yake ciki. A saman benci zafi yakan kai digiri 80, wani lokaci har 100, iska kuma a bushe ƙamas. Sai wani ya ɗebi ruwa da ludayi ya watsa wa duwatsu, tururin da ake kira löyly ya tashi ya bugi rufi ya sauko, ɗaki ya cika da laima cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mutane su zauna da gumi, su fita su dawo da jiƙaƙƙen jiki. Bayan awa biyu wuta ta mutu. Idan sauna ce ta gidan hutu a bakin tafki, irin gidajen da ƙasar ke da su wajen rabin miliyan, to da hunturu sanyi na iya sauka ƙasa da sifiri da digiri 20 kafin a sake hura wuta. Babu kujera ko tebur a cikin gida da ke ganin rabin wannan wahala.

Katako kuwa, ko an sare shi an yanka an busar, bai daina mu'amala da ruwa ba. Yana sha daga iska ya kumbura, yana saki ya tsuke. Duk mai ƙofar katako ya san yadda take cijewa da damina, rani na yi ta saki har haske na shigowa ta gefenta. Abin da ƙofar ke yi sau ɗaya a shekara, bencin sauna yana yin irinsa duk ranar Asabar, ranar da aka saba shiga sauna. Kuma motsin ba daidai yake ta kowane ɓangare ba. A tsawo kusan babu shi. A faɗi ne yake, kuma ta gefen da ya bi zagayen shekarun itacen ya kusa ninka wanda ya nufi tsakiyarsa sau biyu. Wannan bambanci shi ke lanƙwasa falle, shi ke tsaga ludayi.

Fenti da man ƙyalli fata suke yi a kan katako, fatar kuma ba ta iya bin wannan motsi. Sai ta yi 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya kwanta a ƙarƙashi. Daga nan sai baƙin tabo, sai ɓawo ya fara tashi, sai fumfuna. Wato abin da aka shafa don tsare katako shi ke riƙe masa ruwan da zai ruɓar da shi. Ga kuma matsalar fatar mutum. Dalilin da ya sa ake iya zama a kan katako mai zafin digiri 80 shi ne ba ya saurin miƙa zafinsa ga jiki, saɓanin ƙarfe da ke miƙa shi ninki ɗari ko fiye. Fuskar katako tsirara tana da ɗan kaushi, tana kuma tsotse gumi. In an lulluɓe ta da abu mai sulɓi, zama a kai sai ya fi zafi, ya yi santsi, wasu nau'o'in man ma su yi laushi su riƙa kama jiki suna fitar da wari. Saboda haka nema ma masu ginin sauna suke ɗaura ƙusa ta ƙarƙashin benci, ko su nutsar da kanta can ciki. Kan ƙusa guda ɗaya da ya leƙo ya ishi mutum ya tuna da shi har mako.

Rabin kula da kayan sauna ana yin sa ne tun a wajen zaɓen itace. Dazuzzukan Finlan cike suke da mänty da kuusi, itatuwa masu ganye kamar allura, kuma da su aka gina yawancin saunonin da. Aibinsu ɗaya ne: ƙaro. Zafi na bugun gaɓar katakon sai ƙaron ya narke ya ɓullo, kuma ɗigon ƙaro mai zafi a cinya ba abin wasa ba ne. Don haka bango na iya zama na waɗannan, amma wurin zama an fi so a yi shi da haapa, wani farin itace mara ƙaro, mara nauyi, wanda ba ya yawan sartse, ko da tervaleppä mai launin ja-ja.

Akwai na uku, wanda ya yi doguwar tafiya kafin ya isa can. A kasuwar katako ta Turai ana kiransa abachi, mutanen Finlan kan ce apache. Itacen dazuzzukan Afirka ta Yamma ne. Shi ne obeche na kudancin Najeriya, wanda Yarabawa ke kira arere, a Kamaru kuma ayous. Rashin nauyinsa ne ya kai shi sauna, domin katako mara nauyi iska ce ta fi yawa a cikinsa, iska kuwa ba ta saurin miƙa zafi. Ba shi da ƙaro, ba shi da yawan gaɓa. Sai dai kafintan da ya taɓa aiki da shi ya san lagonsa: yana shan ruwa da datti da sauri, yana saurin yin shuɗin tabo in ya daɗe a jiƙe, ƙurarsa kuma tana tayar wa wasu masu aikin katako da asma. Wanda zai goge bencin abachi da samfefa, ya rufe hanci da baki.

A farkon shekarun 1990 cibiyar binciken fasaha ta ƙasar, VTT, tare da masana'antun katako suka inganta wata dabara da yanzu ake sayar da kayanta da sunan ThermoWood. Ana gasa katako a zafin da ya kai digiri 190 zuwa 212, cikin tururi don kada ya kama da wuta. Yana fitowa ya yi duhu, ƙaronsa ya fice, shan ruwansa ya ragu sosai, kumburinsa ma haka. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarfi: gasasshen katako ya fi saurin karyewa da tsagewa a bakin ƙusa. Ya dace da benci da majingina. Ga bokitin gargajiya kuwa, za mu ga cewa rage kumburi ba alheri ba ne.

To me ake shafawa, in har za a shafa? Amsar da za ka ji a kusan kowane kantin kayan gini a ƙasar ita ce man farafin. A nan dole a yi hattara, domin a wurare da yawa kananzir ma farafin ake ce masa, kuma shafa kananzir a ɗakin da ake hura wuta ganganci ne da rai. Wanda ake nufi shi ne tataccen farin man nan mai kauri, mara launi mara wari, irin wanda ake samu a kantin magani. Amfaninsa yana cikin abin da ba ya yi. Ba ya daskarewa ya zama fata, ba ya lalacewa ya yi wari, ba ya ciyar da fumfuna. Nutsewa kawai yake yi ya cika ƙananan ramukan saman katako, ta yadda gumi da datti ba za su samu wurin zama ba, laima kuwa tana iya fita. Kamfanin fenti na Tikkurila yana da jerin kayan sauna mai suna Supi, kuma ya raba su gida-gida: na benci daban, na bango da rufi daban. Rabon yana da ma'ana. Abin da ya dace da bangon da ba a zama a kai bai zama lallai ya dace da wurin zama ba.

Aikin kansa ba wuya. Katako ya kasance tsaf kuma a bushe. In tsoho ne, a bi shi da samfefa mai lamba 120 ko 150, ana bin tsawon jijiyarsa, ba a gicciye ba, sannan a share ƙurar. A tsoma soso ko tsumma mara gashi a shafa siriri. Nan take launin zai zurfafa, farin haapa ya koma ruwan zuma, gasasshen katako ya yi duhu ƙwarai, don haka gara a fara gwadawa a ƙarƙashin benci. Bakin falle, wato wurin da zarto ya yanke jijiyar, shi ya fi ko'ina ƙishirwa. Za ka ga ya shanye man tun kafin ka ɗauke hannu, sai a ƙara masa sau biyu ko uku, domin ta nan ruwa ke shiga, ta nan kuma ruɓewa ke farawa. Bayan wani lokaci a goge duk abin da ya rage a sama. Sannan a ɗuma ɗakin babu kowa ciki, a goge wanda zafi ya sake fitarwa, a buɗe ƙofa iska ta ratsa. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar.

Mai ƙaunar kayan gargajiya zai tambaya: me zai hana man zaitun, ko wani man girki? Abin da ya hana shi ne zafi. Man abinci yana lalacewa in ya daɗe yana haɗuwa da iska, zafin sauna kuma yana gaggauta hakan, sai benci ya riƙa danƙo yana warin tsohon kasko. Man 'ya'yan filas, wanda Turawa suka daɗe suna shafa wa katako, ya fi dama domin yana bushewa, amma yana wari in ya ji zafi, kuma tsumman da aka shafa shi da shi, in aka dunƙule aka jefar a kwando, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya kama da wuta. Ana shanya irin wannan tsumma a buɗe ne, ko a nutsar da shi cikin ruwa.

Akwai kuma masu cewa kada a shafa komai, kuma ba su da laifi. Saunar hayaƙi, savusauna, wadda ba ta da bututun fitar hayaƙi, kunkunniya ce ke rufe bangonta baƙi ƙirin, kuma abubuwan da hayaƙi ke bari a jikin katako suna hana ƙwayoyin cuta sakewa. A irin wannan ɗaki matan karkara suka riƙa haihuwa, a nan ake wanke mamaci. Urho Kekkonen, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1956 zuwa 1982, a saunar hayaƙi aka haife shi a 1900. Bencin irin wannan sauna buroshi da ruwa kawai ya sani. A ganina, saunar gida da mutum huɗu ko biyar ke shiga, kowa na shimfiɗa ɗan ƙyallen zama da suke kira pefletti, za ta iya rayuwa lafiya ba tare da ɗigon mai ba. Ƙyallen nan ya fi kowane mai aiki, domin gumin da bai taɓa katako ba ba ya buƙatar a wanke shi. Saunar jama'a ce, irin Rajaportti ta birnin Tampere da ke aiki tun 1906, ko Kotiharju ta Helsinki da aka buɗe a 1928, inda baƙi ke ta shige da fice, take fuskantar wani lissafi daban.

Bokiti shi ne ya saɓa wa duk abin da aka faɗa zuwa yanzu. Sunansa kiulu, yana cin lita huɗu ko biyar, kuma na asali ba a haɗa shi da gam. Tsagin katako ne ake fere gefensu a karkace, a jera su a zagaye, a sa gindi cikin wata 'yar kwarya da aka sassaƙa a jikinsu, sannan a ɗaure da zobe biyu, na reshen itace ko na ƙarfe. Ɗaya daga cikin tsagin ana barinsa ya fi sauran tsawo, shi ne mariƙi. Abin da ke hana shi yoyo kumburi ne kawai. Katako ya sha ruwa ya nemi faɗaɗa, zobe ya hana shi, sai tsagin su matse juna har ɗigo ba ya wucewa. Benci yana son a busar da shi sarai. Bokiti in ya bushe sarai ya tashi daga aiki.

Shi ya sa iyalin da suka koma gidan hutu a farkon bazara sukan tarar da kiulu ya saki, zoben ya zame ƙasa, ana hango haske ta tsakanin tsagin. In aka zuba ruwa sai ya zube ta ko'ina. Ba a jefar da shi. A mayar da zoben wurinsa, a ɗan bubbuga shi a hankali ta kowane gefe, a nutsar da bokitin cikin babban baho ko a bakin tafki da dutse a ciki, a bar shi wasu awoyi ko ya kwana. Da safe yawanci ya kama.

Amma wannan gyara yana da iyaka, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Duk lokacin da busasshen katako ya kumbura da ƙarfi a cikin zoben ƙarfe da ba ya miƙewa, ƙananan ramukan da ke gefen tsagin suna murƙushewa kaɗan, kuma ba sa komawa yadda suke. In ya sake bushewa sai ya tsuke fiye da faɗinsa na farko. Wato kowane zagaye na bushewa ƙamas da jiƙewa sharkaf yana ƙara faɗin tsagar da za a gani a gaba, har ranar da kumburi ba zai iya rufe ta ba. Mafi munin abin da za a yi wa kiulu shi ne a manta da shi babu ruwa a saman benci ko kusa da murhu ana hura wuta. Na biyu a muni shi ne a bar ruwa ya kwana a cikinsa mako bayan mako, domin gindin zai yi yauƙi ya yi baƙi, zoben ƙarfe ya yi tsatsa ya zana layi a jikinsa, in kuwa sanyi ya sauko ruwan ya daskare, ƙanƙara ta fi ruwa cin wuri da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma ta isa ta ture gindin waje. Hanyar tana tsakiya: a zubar da ruwa bayan wanka, a ɗauraye, a fitar da shi daga ɗakin zafi, a kife shi a karkace a wuri mai sanyi da inuwa inda iska za ta shiga ƙarƙashinsa. Mai kuwa, in za a shafa, a waje kawai. Cikin yana buƙatar ya sha ruwa.

Yawancin bokitan da ake sayarwa yau suna da roba ko ƙarfe mara tsatsa a ciki, katakon ado ne. Ba sa yoyo, amma ruwa yana zurarewa tsakanin robar da katakon ya kwanta inda ba a gani, don haka in robar tana cirewa a riƙa cire ta. Wasu kuma an shafe cikinsu da man ƙyalli tun daga masana'anta. Waɗannan ba su cika tsufa da kyau ba.

Ludayi, kauha, nasa da sauƙi amma shi aka fi zalunta, domin kusan kowa a cikin bokiti yake barinsa. Kansa yana jiƙe, mariƙinsa yana bushewa a iska mai zafi, kuma a gaban kofinsa da bayansa jijiyar katakon a yanke take, tana shan ruwa da sauri tana sakinsa da sauri. A nan tsaga ke farawa. A cire shi a rataye shi, a riƙa ba shi man farafin fiye da yadda ake ba benci, kuma kada a dangwala bakinsa a kan duwatsu wajen watsa ruwa. Dogon mariƙin an yi shi ne don hannu ya yi nesa da tururi, ya kuma ba ludayin damar zuba ruwa daga sama.

Wanki na sosai ana yin sa 'yan lokuta a shekara, musamman kafin saunar jajiberin Kirsimeti da ta bikin tsakiyar bazara, Juhannus. Ana fara jiƙa katakon da ruwan ɗumi don kada ya tsotse sabulu, sannan a goge da buroshi ana bin jijiya. Sabulun da aka saba da shi shi ne mäntysuopa, wanda ake yi daga man da ake samu wajen sarrafa itacen mänty a masana'antar takarda, kuma da shi ake wanke dardumomi a bakin ruwa. Sai a ɗauraye sosai, domin ragowar sabulu ma datti ne. Ana yawan cewa a rufe da ruwan sanyi don ramukan katako su tsuke. Ban ga yadda mataccen itace zai tsuke ramukansa saboda sanyi ba, amma al'adar ba ta cutar da komai. Abubuwan da ke cutarwa su ne injin feshin ruwa mai ƙarfi, wanda ke yayyaga fuskar katako ya bar ta da gashi-gashi, da ruwan bilic, wanda katako ke sha ya riƙa amayar da warinsa duk lokacin da aka ɗuma ɗaki. Benci da yawa an yi su yadda za a iya ɗaga su, kuma dalilin ke nan: saman yana bushewa da kansa, ƙarƙashin da wuraren da falle ya hau kan gungume ne ke ɓoye fumfuna.

Duk wannan bai kai muhimmancin minti 20 ko 30 na bayan wanka ba. Ƙwayoyin da ke ruɓar da katako ba sa iya aiki sai laimar cikinsa ta wuce kimanin kashi 20 cikin ɗari ta kuma daɗe a haka. Mutumin ƙarshe da zai fita shi ke da alhakin hana hakan. In murhun lantarki ne ya bar shi a kunne na ɗan lokaci, in na itace ne ya ƙara guntu ɗaya ko biyu, ya buɗe mashigar iska, ya kwashe jiƙaƙƙun ƙyallaye da ganyen vihta, wato damin rassan da ake bugun jiki da shi, da suka manne a benci, ya jingine matashin kai na katako a tsaye. Ƙafafun benci su kasance da ɗan takalmin roba don kada bakinsu ya zauna cikin ruwan ƙasa.

Ko da an yi duk wannan, benci yana tsufa. Furfurar launi da 'yan tsage-tsage ba komai ba ne, samfefa tana gyara su. Gwajin gaskiya da tsinin wuƙa ake yin sa, a ƙarƙashi, kusa da ƙusa da kuma inda katako ya haɗu da bango. In tsinin ya tsaya, benci yana da sauran shekaru. In ya nutse cikin sauƙi, a canza fallen tun kafin ya karye da mutum a kusa da murhu. Tsohon fallen da ba a taɓa shafa masa fenti ba ana iya faskara shi a hura wutar saunar da shi. Wanda aka yi wa fenti ko man ƙyalli ba a sa shi a murhu, sai dai a kai shi wurin karɓar shara.